Ba a Leƙe Kafin La'asar

"Shekara arba'in da ɗaya fa, Alhaji," in ji Manniru. "Mutumin nan jifa uku zai yi ya fara haki. Ni ban ga laifin koci ba da ya ajiye shi."

"Kai ai ba ka taɓa ganin laifin mai muƙami ba. Ɗago min matashin nan."

Manniru ya ajiye rimot, ya tallabo kafaɗun Alhaji Datti, ya gyara masa matashin a bayansa. Ta cikin jallabiya ƙashi zalla ya ji. Ƙafafun kuwa sun kumbura sun yi suntum, har sai da matarsa Hajiya Muhibba ta tsaga bakin safa da almakashi kafin ta shiga. A talabijin hoto na tsaye cak, inda suka tsayar da shi don su ji daɗin musu: wani ɗan wasa mai furfura a gemu yana zaune a ƙarshen benci, ya harɗe hannu, yana kallon fili kamar wanda ya zo rakiya.

Wasan besbol suke kallo, wanda ake jefo ƙwallo a doke ta da kulki a ruga. In ka bi tsofaffin gidajen ma'aikata na Wuse gida-gida, har bakin titin da tasi masu kore da fari ke kwasar mutane zuwa kasuwa, ba za ka sami mutum na uku da ya san yadda ake cin wasan nan ba. Alhaji Datti a Amurka ya kwaso cutar, lokacin da gwamnati ta tura shi karatun safiyo yana saurayi, a wani gari mai sanyin tsiya a bakin tafki. Ya dawo da takardar digiri da kuma ƙungiyar garin. Digirin ya yi masa aiki shekara talatin da biyar a ma'aikata, ƙungiyar kuwa tun daga lokacin ba ta taɓa ɗaukar kofi ba. Duk da haka ba ya kiranta da wani suna sai "Yaranmu".

Shi kuwa Manniru tsautsayi ne ya kai shi. A saman benen yake zaune da iyalinsa, Alhaji a ƙasa. Shekara bakwai da suka wuce aka kira shi ya haɗa kwamfuta da talabijin, ya zauna minti goma don kara, bai tashi ba sai da aka kira magariba. Da harshen dambe Alhaji ya koyar da shi. Zagaye tara ake yi, ya ce turmi tara. In mai jifa ya fitar da mai duka, ya ce an yi kisa, kuma kisa uku a juya. Sunayen 'yan wasan ma duk ya sauya musu don baki ya huta. Tsohon nan na kan benci da hagu yake jifa, shi ne Bahago. Sabon yaron da aka sayo a tsakiyar shekara aka ba shi wurin tsohon, saboda gudun ƙwallonsa, shi ne Jirgi.

Wata huɗu ke nan suna kan magana ɗaya. Manniru yana da alƙaluma a waya, yana iya faɗa maka gudun kowace jifa. Alhaji yana da shekara hamsin na kallo da taurin kai.

"Jirgi ya yi kisa ɗari da talatin tun zuwansa," in ji Manniru. "Ba ni na faɗa ba, a rubuce yake."

"A wasan da ba kowa ke kallo ba. Lissafinka yana auna tsoro? Ka bari ranar da filin zai cika, a ce yau ko a ci ko a koma gida. Za ka ga gwiwar yaron nan tana rawa. Ran nan koci zai nemi Bahago da kansa, kai kuma ka zo nan ka ce, Alhaji ka yi gaskiya."

"In na faɗi haka a canza min suna."

"Na riga na zaɓa maka wani."

Dariya ta so kama Alhaji, tari ya riga ta. Manniru ya miƙa masa ruwa, ya kau da kai har tarin ya lafa.

Wasan yana da doka ɗaya a gidan nan, kuma Alhaji ne ya kafa ta. Can Amurka ana buga shi ne lokacin da Abuja ke barci, don haka sai washegari bayan la'asar, in Manniru ya taso daga ofis, suke kunna maimaici tun daga farko. Kafin nan ba a leƙe. Ba a duba sakamako, ba a tambaya, ba a ko kallon wayar da za ta iya tsegunta maka. Sau ɗaya Manniru ya taɓa karya dokar, a shekararsa ta biyu. Ya duba a ɓoye, ya zo ya zauna yana ta wani murmushi tun turmi na uku, alhali Yaranmu na baya da ci huɗu. Alhaji ya kashe talabijin, ya ce masa a gai da gida. Mako biyu gaisuwa kawai ke haɗa su a masallaci.

Tun daga nan Alhaji ya mai da abin tarko. Yakan tare shi da safe da fuskar tausayi ya ce, "Yau kam na gaji, duba mana kawai mu huta." Da Manniru ya kai hannu aljihu, sai tsohon ya buga cinya ya ce, "Na kama ka! Ashe har yanzu kana nan da halinka." Sau uku ana yi wa Manniru haka. Ya rantse ba za a yi na huɗu ba.

Hajiya Muhibba ta shigo da kunun gyaɗa da ƙwayoyin magani a murfin kwano. Shekara arba'in da huɗu tana zaune da wasan nan a gidanta ba ta taɓa tambayar ko wa ke ci ba. Ta dubi talabijin, ta dubi mijinta.

"Likita ya ce a rage magana, ku kuma kun buɗe majalisa. Manniru, kai ma da hankalinka."

"Mama, shi ya fara."

"Saura wasa ɗaya," in ji Alhaji, yana ture cokalin. "Na yau da dare. In mun ci mun haye gasar ƙarshe. In ba mu ci ba, sai baɗi."

Mako uku ke nan da aka sallamo shi daga asibiti, ba don ya warke ba. Zuciyar ce ta gaji, kuma likitan ya gaya wa Hajiya a baranda cewa a kai shi gida ya huta cikin iyalinsa. Dukansu uku sun san Alhaji ba shi da baɗi, sai dai wani ikon Allah. Wasan nan ɗaya shi ne abin da ya rage masa ya gani.

An kwana ana ruwa, irin na ƙarshen damina. Da safe, bakwai da kwata, Manniru ya sauko da jakar kwamfuta a kafaɗa, yana tsallake ruwan da ya kwanta a ƙasan matakala. Hajiya na tsaye a bakin ƙofa.

"Shigo, tun asuba yake nemanka."

An dawo da gadon falo don ya fi samun iska. Alhaji na jingine, idonsa biyu, leɓensa ya bushe. Manniru ya durƙusa ya gaishe shi.

"An gama wasan?" in ji Alhaji.

"Ai tun kafin asuba sun gama."

"Duba mana."

Manniru ya yi murmushi. Ya ma tura hannayensa biyu baya, don a shaida bai taɓa aljihu ba.

"Haba Alhaji. Na huɗu?"

"Ba wasa nake ba, Manniru. Kallon awa uku ya yi min yawa. Duba ka faɗa min an ci ko ba a ci ba, kuma ko an sa shi."

"Wancan karon ma haka ka ce, ba wasa kake ba. Har da cewa idonka na ciwo."

Alhaji ya dube shi na ɗan lokaci. Wani abu ya motsa a gefen bakinsa, mai kama da dariya, kuma wannan ne ya ƙarasa ruɗar Manniru. Ya ɗauka tsohon ya ga tarkonsa bai kama ba ne.

"Yau zan taso da wuri," in ji Manniru, yana miƙewa. "Ana sallame la'asar ina nan. In ka gaji mu tsayar, ka huta, mu ci gaba. Ka dai shirya sabon sunan da ka ce, ko da yake ba za ka yi amfani da shi ba."

"To," in ji Alhaji. Ya rufe ido.

Manniru ya fita yana jin daɗin kansa. A cikin tasi har yana shirya abin da zai faɗa in Jirgi ya share fili. Ya kashe duk wata sanarwa a wayarsa kamar kullum, ya kifa ta a aljihun gaba.

Sha ɗaya saura suna cikin mitin, oga yana ta karanto abin da kowa ya riga ya karanta, sai wayar ta yi ruri. Hajiya ce. Ya fita baranda da sauri.

"Lafiya, Mama?"

"Da sauƙi. Ya sha kunu cokali biyu. Cewa ya yi in tambaye ka, an ci ko ba a ci ba."

Manniru ya sauke ajiyar zuciya, har da 'yar dariya. Wanda ke da ƙarfin kafa tarko ta waya ai da sauransa.

"Yanzu har da ke ya sa a ciki? Ki ce masa Manniru ya ce bai faɗa ba. Sai la'asar."

"Ni ban san kan abinku ba. Da wayata irin taku ce da na duba masa da kaina. Wannan ko hoto ba ta nunawa."

"Kar ki damu, Mama. Wasanmu ne ni da shi."

"To shi ke nan."

Kira na biyu ya shigo ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci, yana alwala a bayan ofis. Ba muryar Hajiya ba ce, ta limamin masallacin layinsu ce. Manniru ya tsaya da buta a hannu, ƙafa ɗaya a wanke, ɗaya ba a wanke ba, ya yi salati. Daga baya ya kasa tuna yadda aka yi ya iso gida.

Abin da ya biyo baya ya tafi yadda ya saba tafiya. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaron tsakar gidajen. Tsofaffin abokan aikin Alhaji suka zo da sandunansu, masu shaguna suka rufe rabin ƙofa, mai sayar da rake na bakin layi ya jingine baronsa ya shiga sahu. Manniru na cikin waɗanda suka riƙe masa ruwa wajen wanka, yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ana sallame la'asar aka yi masa salla, aka wuce da shi maƙabartar Gudu. Ƙasar ta jiƙe, tana manne wa takalma. Liman ya ce Alhaji Datti mutum ne da ba a taɓa jin sa da kowa ba. Manniru, wanda ya shekara bakwai ana jin su tun daga bakin titi, ya ce amin tare da jama'a.

Kwana uku bai duba ba. Ba don doka ba, wadda mai ita ya tafi. Tsoro yake ji. In an sha kashi ne, zai iya gaya wa kansa ya raba tsoho da baƙin ciki. In kuwa ba haka ba ne, bai san inda zai sa kansa ba. Saboda haka ya zauna a tabarma yana karɓar gaisuwa, yana miƙa ruwa, yana nuna wa baƙi inda za su ajiye mota. Matarsa ta tambaye shi me ya hana shi cin abinci, ya ce cikinsa ne. Ba wanda ya san abin da ya faru da safen nan sai shi da Hajiya, ita kuma tana ciki tare da mata.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, jama'a sun ragu, ana naɗe tabarmi, aka ce Hajiya na kiransa. Ya yi sallama a bakin falo. An fitar da gadon, an mai da kujeru yadda suke a da, an lulluɓe talabijin da wani zane. Tana zaune a ƙasa kan darduma cikin farin mayafi, da carbi a hannu. Ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Ya ƙarin haƙuri, Mama?"

"Da godiya. Allah ya saka da alheri, Manniru, ka yi ɗawainiya." Ta ja carbi biyu. "An ci ko ba a ci ba?"

Ya ɗago kai. Ba faɗa a fuskarta, ba komai. Tambaya kawai take yi.

"Wallahi Mama ban duba ba."

"Har yanzu?"

"Har yanzu."

"Sau huɗu ya tambaye ni bayan na kira ka. Na ce ka ce sai la'asar. Ya ce ƙarfe nawa, na faɗa masa. Can ya sake cewa ƙarfe nawa." Ta gyara mayafi. "Bayan nan kalmar shahada ce, alhamdu lillahi, da bakinsa ya yi ta. Amma tambayar ta tsaya min a nan." Ta taɓa ƙirjinta. "Ina salla ina jin ta."

"Na ɗauka gwada ni yake. Ya saba yi min haka, Mama. Na rantse da Allah na ɗauka..."

"Na sani. Shi ma ya sani. Da na kashe waya cewa ya yi shi ya koya maka." Ta sake jan carbi. "Ba don in ɗora maka na kira ka ba. So nake in ji amsar."

"Bari in ɗauko kwamfuta in haɗa, sai mu..."

"Ni ba kallo zan yi ba. Me na sani a ciki? Duba ka faɗa min."

Ya ciro wayar. Abin da ya ƙi yi ran nan bai kai minti ɗaya ba, har da jiran intanet. Ya karanta a zuci, ya sake karantawa.

"An ci," ya ce. "Biyar da huɗu."

"Su waye suka ci? Nasa?"

"Yaranmu."

"To ɗaya tambayar fa? Ko an sa wani."

"An sa shi." Ya share hanci da bayan hannu. "Yaron da nake goyon baya, Jirgi, tun turmi na shida aka yi ta dukan ƙwallonsa har aka cire shi. A turmin ƙarshe, saura ƙiris a rama, koci ya kira tsohon. Ya yi kisa uku a jere."

"Ban gane ko ɗaya ba. Bahagon nan ne da yake ta faɗa?"

"Shi ne."

"Wato shi ke da gaskiya."

"Shi ke da gaskiya, Mama."

"Allah sarki," in ji Hajiya. "Ashe abin daɗi ne." Ta ɗan jinjina kai, kamar wadda aka gaya wa baƙo ya sauka lafiya. "Da ka ji surutu har magariba."

Daga ciki wata mata ta leƙo ta ce ga baƙi daga Bwari. Hajiya ta dafa kujera ta miƙe a hankali, ta naɗe dardumarta, ta shige, labule ya koma wurinsa.

Manniru ya fito ya zauna a matakala ta biyu, takalmansa a hannu bai sa ba. A ƙasan sakamakon akwai wani ɗan gajeren bidiyo da ya kunna kansa ba sauti. Filin ya cika maƙil, kowa a tsaye. Tsohon ɗan wasan yana tafiya a hankali zuwa benci, yana ɗan ɗingishi, ya cire hularsa ya ɗaga wa jama'a, ya sunkuyar da kai ya shige. Daƙiƙa goma sha biyu ne duka. Da ya kai ƙarshe sai ya koma farko, tsohon ya sake fitowa yana tafiya.